Ganga Na Magana, Wa Ke Jin Ta?

[Kiɗan kalangu na ɗan lokaci, sannan a sassauta]

Ina gaida mutanen Mokoyo da Bagalam da Limanci da Ɗan Gulbi, da na Zariya da Sabon Gari, duk a nan Maraɗi. Ina gaida Gobirawan Tibiri. Ina gaida manoman Jiratawa, musamman wanda ya rataye rediyonsa a reshen zogale yana ban ruwa yana jinmu. Sannunku da aiki.

Kiɗan nan da aka buɗe shiri da shi, kowa ya ji shi. To, me ya ce? Ban tambaye ku ko ya yi daɗi ba. Cewa na yi, me gangar ta faɗa? In akwai tsohon mahauci kusa da ku, ku dube shi. Ina kyautata zaton ya riga ya gyara zama, don taken gidansu aka kaɗa. Saura kuwa mun ji amo, mun gyaɗa kai, shi ke nan.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, tunda an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata ranar Laraba na hau kabu-kabu na tafi Tibiri wurin wani tsohon makaɗi da aka yi mini kwatancensa. Na same shi gindin bedi a ƙofar gida, ya ɗora kalangu bisa cinya yana ja wa tsarkiya, yana tofa ɗan yawu yana murza ta da yatsa. Muka gaisa. Na fito da ƴar na'urata na aje gabansa, na ce, "Baba, so nake ka ɗan taɓa mini, in ɗauka saboda na baya." Bai ce uffan ba. Ya dubi na'urar, ya dubi hannuna, ya saƙala kalangun a hammata, ya kaɗa wani ɗan gajeren abu, ya maimaita shi har sau uku. Ni kuwa na washe baki na ce, "Kai, Baba, wannan ya yi daɗi!" Sai wata tsohuwa da ke wucewa da dami na itace ta tsaya ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Tsohon ya ce, "Ɗana, taken marowaci na kaɗa maka. Ka zo gidan makaɗi da na'ura, ba ka zo da goro ba. Na faɗa maka a gaban jama'a, kai kuma ka ce ya yi daɗi."

Tun daga ranar nan na canza tunani a kan wannan magana ta adana kiɗa da rawar gargajiya. Da ina tsammanin makaɗa ne ke ƙarewa. Ashe masu ji sun riga su ƙarewa. A wurin nan mu uku ne, biyu suna hira da juna, ni da na yi boko na zo da na'ura ni ne kurman.

Yaya aka yi fata da itace suke magana? Sirrin yana cikin harshenmu. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Ku saurara: kuka, na hawaye, kuka, ta miya. Baƙaƙen ɗaya ne, muryar ce ta bambanta su, a ɗaya ta tsaya sama, a ɗaya ta sauko. Kalangu kuwa an yi shi da siririn ƙugu, fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su. In makaɗi ya matse hammata sai fatar ta ɗaure, amo ya hau. In ya saki sai ya sauko. Da wannan matsi da saki, da tsawon bugu da gajartarsa, yake bin sawun maganar baki. Amma ku lura da wani abu: ganga ba ta iya ba ka labarin da kunnenka bai taɓa ji ba. Tana tuna maka ne da zancen da ka riga ka sani. Tsohuwar nan ta yi dariya don tun tana yarinya ta san kalmomin da ke ƙarƙashin wannan bugu. Wanda bai san kalmomin ba, ko za a kwana ana kaɗa masa, amo kawai zai ji. Wannan ɗan gajeren zance da ke ƙarƙashin kiɗa, na mutum ɗaya ko na gida ko na sana'a ko na sarauta, shi ake kira take.

Ƙasar nan tamu kuwa ƙasar take ce, kuma tarihi ne ya sa. Lokacin da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar Katsina ya yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka yi ta faɗi-tashi har bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sannan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri, tafiyar da ba ta fi kilomita 12 ba daga nan. Mutanen da suka baro birni da ganuwa da rumbuna, me suka iya ɗaukowa? Dawaki, da makamai, da abin da ke cikin kai. Sunayen sarakuna da jerinsu, wa ya haifi wa, wa ya tsaya a wane fage, duk suna bakin maroƙa da hannun makaɗa. Shi ya sa a fadar Maraɗi da ta Tibiri kiɗa bai taɓa zama abin wasa ba. Tambari ba a buga shi don kowa sai sarki. Kakaki ba a busa wa attajiri kome dukiyarsa. Kaura da takensa, Galadima da nasa, Durɓi da Ƴandaka haka nan. Mutum yana cikin ɗaki zai san wane ne ya iso ƙofar fada ba tare da ya leƙo ba.

A bar fada ma. Kowace sana'a da gangarta. Kalangu asalinsa na mahauta ne, shi ya sa ranar hawan ƙaho za ka ga saurayi ya tunkari bijimi kamar wanda ba ya son ransa, don an kaɗa taken ubansa a gaban mutane, ja da baya ya haramta gare shi. Maƙera da dundufa. Maharba da komo, babbar garayar nan. Manoma da gangar noma a wurin gayya, makaɗi yana bin bayan mai kwashe kunya yana zuga shi har ya manta da rana. Ƴan tauri da nasu. Ƴan kokowa kuwa ba sai na faɗa wa mutanen garin Kantu ba, wanda ya fara ɗauko takobi a Tawa a 1975, filin kokowarmu ma sunansa yake ɗauke da shi. Mata a cikin gida suna da kiɗan ƙwarya da shantu, suna da luguden turmi, ƴan mata suna da gaɗa a dandali, wadda ba ta bukatar kome sai tafi da farin wata.

Rawa ma haka take. Rawar maharbi saɓanin ta manomi ce, don kowa aikinsa yake kwaikwayo. Maharbi yana sanɗa, ya duƙa, ya tsaya cik, ya waiga. Manomi ƙarfinsa a gadon baya da kafaɗa yake. Tsoho in ya ga yadda mutum ya ɗaga ƙafa zai gaya maka gidan da ya fito.

Akwai kuma bori, kuma ba zan tsallake shi ba don kawai magana ce mai nauyi. Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri sarautu ne na mata a cikin fada, kuma ƴan bori a ƙarƙashinsu suke tun kafuwar garuruwan nan. Ni ba wa'azi na zo yi ba, ba kuma talla ba. Wannan fage ne na malamai, sun kuma yi magana. Abin da ya shafi shirinmu shi ne, mai goge na wannan fanni yana riƙe da take masu ɗimbin yawa a kansa, kowane da sunansa da kirarinsa, kuma a cikinsu akwai tsofaffin kalmomin Hausa da ba ka ƙara jin su ko'ina. Wanda ke son sanin yadda kakanninmu suka ɗauki ciwo da magani da daji da ruwa, dole ya bi ta nan, ko da kuwa shi kansa ya yi nesa da abin.

[Ɗan kiɗan goge]

To, wa ya yi bincike a kan duk wannan? Gaskiya mai ɗaci ita ce, yawancin rubutun farko baƙi suka yi shi. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya daɗe a kwarin Gulbin Maraɗi yana nazarin zaman jama'a, littafinsa babba ya fito a 1975. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi a kan borin wannan yanki a 1972. Wani Bajamushe masanin kiɗa, Veit Erlmann, ya zauna da masu goge na Maraɗi ya ɗauki kiɗansu, ya buga nazarinsa a 1982, sannan a 1989 shi da Habu Magaji suka fitar da littafi a kan girkar bori. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne inda ya karkata: ƙarar kiɗa ko saurinsa kaɗai ba su ke motsa mutum ba, sanin abin da kiɗan ke nufi shi ke aiki. Wato dai abin da tsohuwar Tibiri ta koya mini da dariya. A can Najeriya, David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu da lokutan amfani da su a littafin da ya fito a 1971. Daga baya namu suka karɓa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a kan waƙar baka, da Mamman Shata a tsakiyar nazarin. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya shafe shekaru yana bin makaɗa gida gida yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. A nan Nijar, Mahaman Garba ya yi nasa digirin a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar, ya kuma yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989. A Yamai ɗin dai akwai cibiyar CELHTO, da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka na Afirka.

Aiki an yi, ba a ce ba a yi ba. Tambayata ita ce, ina yake? Yawancin littattafan suna cikin Faransanci ko Jamusanci ko Ingilishi. Faifan yana Paris ko Berlin. Jikan mai gogen da aka ɗauka yana nan Maradawa yana tuƙa adaidaita, bai taɓa jin hannun kakansa ba. Yau da ake iya tura murya daga Jamus zuwa Maraɗi kafin shayi ya huce, ban ga dalilin da zai hana jami'armu ta Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta rubuta wa waɗannan ɗakunan ajiya ta nemi kwafi ba. Ba roƙo ba ne. Muryoyin iyayenmu ne.

Sai dai kafin mu ɗora wa baƙi laifi, mu dubi namu ɗakin. Na taɓa shiga wani ofishi, ba zan faɗi wane ba, ina neman tsofaffin faya-fayan da aka ɗauka shekarun baya. Aka kai ni wani ɗaki da ba taga. Kwalaye ne jibge a ƙasa, gara ta ci gindinsu, zaren wasu ya manne da juna saboda zafi. Na ɗauki ɗaya da ya tsira, na juya shi gaba da baya. Ba suna, ba gari, ba shekara. Aka samo na'ura da ƙyar muka saka. Wata murya ce ta tsohuwa, zabiya, mai kaifi kamar aska, tana jero sunayen mutane. Wace ce? Su wa take kira? A wane biki? Duk wanda zai iya amsawa ya riga mu gidan gaskiya. Na zauna ina jin ta kamar mai jin baƙon harshe, alhali Hausa take yi.

Zamanin Janar Seyni Kunce an yi wani yunƙuri da ya kamata a yi masa adalci. An farfaɗo da samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, yana zagayawa jiha jiha, Maraɗi ma ta karɓi baƙuncinsa. Waɗanda suka yi samartaka a lokacin suna tuna yadda kowace unguwa ke kwana tana gwaji, ana zuwa ƙauye a ɗauko tsoho ya nuna taku. Ba don wannan ba, da raye-raye da yawa sun tafi tun tuni. Amma dandamali yana da nasa sharaɗi. Rawar da ake yi a da'ira, kowa na kallon kowa, mai kallo in jininsa ya motsa ya faɗa ciki, sai aka miƙe ta sahu sahu tana fuskantar alƙalan gasa. Abin da ake kwana ana yi aka matse shi cikin ƴan mintoci. Aka ɗinka wa kowa riga iri ɗaya. Aka ɗebo takun maharba aka haɗa da na manoma don ya ƙayatar. Yau yaro in ya ga wannan a gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga sai ya ɗauka haka kakanninsa suke yi. Ni ban ƙi dandamali ba, ina ma son sa. Ina dai so mai koyarwa ya riƙa gaya wa yara: wannan taku daga wurin gayya aka ɗauko shi, wancan na farauta ne, mu muka haɗa su.

Me ya kashe dandali? Kowa da amsarsa. Wasu za su ce wa'azi, kuma lalle tun da wa'azi ya yi ƙarfi a garin nan gidaje da yawa sun daina kiran makaɗa. A nan ma akwai abin lura. Malaman jihadi da kansu sun yi rubutu a kan kiɗa, ba su kuma yi masa kuɗin goro ba. Sun bambanta gangar yaƙi da ta shela da abin da ake bugawa don sanar da aure, da kiɗan da ke tara maza da mata a kan shashanci. Wasu za su ce tsaro, kuma gaskiya ne, a ƙauyukan kan iyaka wajen Madarunfa, inda ƴan bindiga suka hana mutane barci, wace uwa za ta bar ɗiyarta ta fita gaɗa da dare? Wasu za su ce waya da talabijin.

Ni abin da na gani da idona a Jiratawa ya fi tsaya mini a rai. Bikin aure ne na ɗan wani abokina, manomi a fadamar nan da aka gyara ake noman rani. An kafa rumfa, an tada injin wuta, wani yaro ya zo da lasifika biyu manya da ɗan katin waya. Waƙoƙi ɗari nawa ne a ciki, Allah kaɗai ya sani. Can gefe, bakin katanga, ga makaɗan garin su uku zaune da gangunansu a ƙasa, ba wanda ya kira su, sun dai zo don ba a yin biki a garinsu ba su zo ba. Da injin ya mutu, man ya ƙare, wuri ya yi tsit, sai babbansu ya ɗauki ganga ya ɗan taɓa, a hankali, kamar mai gyaran murya. Kakar ango tana cikin gida. Sai ga ta ta fito ba ko takalmi, tana guɗa, ta cire ɗan kunnenta ɗaya ta manna masa a goshi. Taken mijinta ne, wanda ya rasu shekaru da dama, sarkin noma ne a zamaninsa. Ƴan matan da ke wurin suka tsaya suna kallonta suna dariya, ba su san abin da ya faru ba. Kafin a jima aka kawo mai, injin ya tashi, lasifika ta rufe kome.

Ban ga laifin yaron mai lasifika ba, abincinsa yake nema, kuma ya fi araha. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Marigayi Sa'adu Bori, ɗan garin nan, ai da jita da kayan zamani ya ɗauki karin gargajiya ya kai shi har ƙetare, faifan da suka yi da Musa Pusi ya zagaya duniya, kuma da ya rasu a 2008 har Najeriya an yi makokinsa. Amma Sa'adu ya san abin da ya ɗauko. Ya sha daga rijiyar kafin ya zuba a sabon tulu. Lasifika kuwa ba ta san kowa ba. Ba ta san kakar ango ba, ba ta san mijinta ya taɓa noma dame nawa ba.

[Kiɗan gangar noma, a sassauta]

Mu zo ga koyarwa. A gidan makaɗa ba a zaunar da yaro a ce yau darasi. Yana ɗan shekara shida ko bakwai za a rataya masa ƙaramar ganga, kuntukuru ko kurya, ya riƙa bin manya yana riƙe bugu ɗaya tak, ba ƙari ba ragi, har hannunsa ya daina karkacewa. Yana cikin haka kunnensa na shan take, yana ganin wa aka kaɗa wa, me ya bayar, wa ya ɓata rai. Sai ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya riƙe uwar ganga. Yana kuma koyon gyara: yadda ake fafe kango daga ƙirya ko alilliba, yadda ake jiƙa fata a ɗaure ta, yadda mai goge ke neman fatar guza da tsagiyar doki, ya goga ƙaro a izga kafin ta kama. Yau manyan itatuwan sun yi wuya, dawaki sun ragu, har ka ga an sa zaren roba a madadin tsagiya, amon kuwa ba ɗaya ba ne.

Babbar matsalar dai ba ta itace ba ce. Ɗan makaɗi ne ba ya so a san shi ɗan makaɗi ne. Mun ɗauki shekaru muna kiran su maroƙa da wata irin murya, muna hana su auren ɗiyanmu, sannan mu dawo muna kukan al'ada ta ɓace. Tsohon nan na Tibiri ƴaƴansa maza huɗu, ba ɗaya da ya ɗauki kalangu. Ya ce mini, "Ban hana su ba, ban kuma tilasta su ba. Wanda ya ga yadda ake kallon ubansa, shi ya san abin da ya gani."

In gado ya tsinke, sai a nemi wata igiyar. Misalin da nake so ku riƙe shi ne na marigayi Malam Mamman Barka. Malamin makaranta ne, mai gurmi, sananne. Ya ji labarin biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, na Buduma masunta a tafkin Cadi, kuma saura tsoho ɗaya tak da ya iya shi, Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, Malam Barka ya bar Yamai ya tafi ya tare wurin tsohon nan. Ba Buduma ba ne shi, ba gadonsa ba ne. Ya zauna ya koyi bugun, ya koyi waƙoƙin da ma'anarsu, tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Bayan rasuwar Bukar Tar, Malam Barka ya zagaya duniya da shi, ya kuma koyar da wasu kafin shi ma ya rasu a 2018. Bai tafi da na'ura ya ɗauka ya dawo ba. Ya je ya zauna. A Tamanrasset ta Aljeriya ma, da aka ga tsofaffin mata masu imzad, gogen Abzinawa, sun kusa ƙarewa, makaranta aka buɗe aka ɗauko su su koyar da ƴan mata. A 2013 UNESCO ta sa imzad cikin jerin gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Mu nan muna da makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo. Duk malamin da ya fito daga cikinta ƙauye za a tura shi, kuma kusan kowane ƙauye akwai tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya zaune ba mai tambayarsu kome. Me zai hana malamin ya gayyato tsohon nan aji, ko sau ɗaya a wata, ya kaɗa take biyar, ya faɗi kalmominsu, yara su rubuta a kayensu? Ba sai sun zama makaɗa ba. Su dai zama masu ji. Tunda a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to ga wani reshe na harshen nan da ba a rubuta shi da alli.

Kai kuma saurayi ko budurwa mai waya a hannu, ga aikin da za ka iya yi gobe ba tare da jiran kowa ba. Ka je wurin tsohon, amma kada ka yi irin tawa, ka riƙe goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, don sana'arsa ce, ba sadaka yake yi maka ba. Ka nemi izininsa, ka gaya masa inda abin zai je. Ku kauce wa iska da hayaniyar babura. Kafin ya fara, ka faɗa cikin wayar da bakinka: yau ranar kaza, shekara kaza, garin kaza, ga sunan mai kiɗa, ga wanda ya koya masa. In ya kaɗa take, kada ka ce ya yi daɗi ka wuce. Ka ce, "Baba, na wane ne? Faɗa mini da baki." Ya faɗa, ya sake kaɗawa, ya sake faɗa. Kalmar da ba ka gane ba ka tambaya nan take, don wataƙila ba ta cikin kowane ƙamus. In rawa ce, ka ja baya ka ɗauki mutum tun daga kai har ƙafa, don masu ɗaukar hoto sun cika son fuska, alhali rawa a ƙafa take. Ka kuma ɗauki makaɗin tare da mai rawar, saboda hira suke yi da juna. In ka gama, kada ka bar shi a waya ɗaya. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa. Ka tura wa mutum biyu ko uku, ka kai wa iyalin tsohon nasu kwafin.

Ni dai na koma Tibiri bayan mako biyu, da goro ƙwarya guda da turmin atamfa na uwargida. Tsohon ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yau ka zo." Ya tambaye ni ɗan wane gida ne ni. Na faɗi sunan mahaifina, bai gane ba. Na faɗi na kakana da unguwarsu ta da, can tsohon gari a cikin kwari, kafin ambaliyar 1945 ta sa a hauro tudu. Ya yi shiru, ya rufe ido, yatsunsa na motsi a kan tsarkiya. Can ya ce, "Masu rini ne ku. Ubana ya sha kaɗa wa kakanka a bakin marina." Ya gyara kalangun ya kaɗa. Ya faɗa mini kalmomin, amma ya ce rabi ya tuna, sauran sun tafi.

Da na dawo gari ban zarce gida ba, na biya Bagalam wurin gwaggona, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Ban gaya mata kome ba, na kunna wayar na aje kusa da ita. Bugu na farko ba ta ɗago ba. A na biyu hannunta ya tsaya. Ta ture faifan gefe, ta ce, "Wa ya ba ka wannan?" Kafin in amsa ta fara faɗin kalmomin tana bin gangar, har ta wuce inda tsohon ya tsaya, ta ƙarasa rabin da ya manta. Na ce, "Gwaggo, tsaya, sake faɗa a hankali in ɗauka." Ta ce, "Kai dai da ɗauka. Zauna ka ji tukuna."

Ga shi nan yadda muka haɗa su, hannun tsohon Tibiri da muryar gwaggona. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, muna Jiratawa tare da makaɗan noma. A saurara lafiya.

[Kalangu da muryar tsohuwa, har ƙarshe]